Tambaya da Amsa: Za Su Kafa Mana Ƙarfen Sabis A Bayan Gida, Ya Za Mu Yi?

Masu karatu barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabinsu akan abu ɗaya ne, ƙarfen sabis ɗin waya da ake kafawa cikin unguwanni, sai na zaɓi guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu amma ban canza maganar kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema wallahi hankalina a tashe yake. Akwai wani fili a bayan gidanmu katanga ɗaya ce tsakaninmu dashi, to satin da ya wuce sai muka ga wasu mutane sunzo da hular kwano suna ta aune aune suna kafa turaku a ƙasa, da maigidana ya fita ya tambaya sai akace wai mai filin ne ya bada haya ga kamfanin waya zasu kafa ƙarfen sabis, ko sallama ba wanda yayi mana. Ni kuma yarana uku ƙaramin ma bai cika shekara ba kuma tagar ɗakinsu wajen take kallo. A gurup ɗinmu na mata a WhatsApp an turo cewa Hukumar Lafiya ta Duniya da bakinta tace abin yana sa kansa, wata tace yana zubar da ciki, wata tace har haihuwa yana hanawa. Yanzu dai mun haɗa takardar koke mutum wajen 40 sun sa hannu mun rubuta bamu yarda ba sabida kansa. Malam shin gaskiya ne yana sa kansar? Kuma takardar nan zatayi aiki kuwa? Daga wata uwa mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya yaran. Farko dai shigowar da akayi muku ba sallama bata kyautu ba, kuma kuna da haƙƙin ɗaga murya ba wanda ya isa ya hanaku. Amma zan faɗa miki gaskiya ko da bazata yi daɗin ji ba, in dai kansa ce kaɗai hujjar dake cikin takardar nan to da wuya ta wuce teburin farko, kuma a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki.

Kalmar radiyeshin ɗin nan, wato abinda ake cewa ƙarfen yana fitarwa, ita ce ke firgita mutane, da anji ta sai a tuna bam ɗin nukiliya da hoton eksire na asibiti, alhali abin kashi biyu ne. Akwai mai ƙarfin da zai shiga cikin ƙwayar halittar jikin mutum ya tsinka ta, irinsu eksire da gamma da wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata, wannan kam tabbas yana iya jawo kansa in yayi yawa. Akwai kuma wanda bashi da wannan ƙarfin ko kaɗan, anan ne igiyoyin rediyo da talabijin da waya suke. Ƙarfen sabis yawanci yana aiki ne tsakanin megahaz 700 zuwa 3,500, megahaz ɗin shine ma'aunin saurin bugun igiya, kinga kuwa hasken fitilar ɗakinki da kike kallo da ido bugunsa ya ninka na ƙarfen sabis fiye da sau 100,000 kuma shima bai kai ya tsinka ƙwayar halitta ba. Abu ɗaya da aka tabbatar igiyar rediyo tana yiwa jiki shine ɗumamawa, in tayi yawa sosai zata ɗaga zafin jiki, kuma akan wannan aka gina iyakar da duniya ke bi. Wata hukuma mai zaman kanta a Jamus da ake kira ICNIRP ita ta fitar da ƙa'idar a 1998 ta sabunta ta a 2020, suka duba inda ɗumin ke fara zama matsala sai suka sauko ƙasa sau 50 sukace ga iyakar jama'ar gari, har da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya aka yi lissafin.

To nawa ne ke isowa tagar yaranki? Ki ɗauki tocila da daddare ki ɗaga ta sama da kanki ki haska gaba, zaki ga hasken ya tafi can nesa ya faɗi, ƙafarki kuma tana cikin duhu. Haka eriyoyin nan dogaye masu kama da allo da kike gani a saman ƙarfen suke, gaba suke harbawa an ɗan sunkuyar dasu ƙasa kaɗan, sai tsakiyar harbin ya taɓa ƙasa can wajen mita 50 zuwa 300 daga gindin, kafin ya kai nan kuma ya riga ya raunana sabida duk sanda nisa ya ninka biyu ƙarfin yana raguwa sau huɗu ne, in ya ninka goma ya ragu sau ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya a bayanin da ta fitar a 2006 tace awon da akayi a wurare daban daban ya nuna abinda ke isa ga mutane daga ƙarfen sabis yana tsakanin kashi 0.002 zuwa kashi 2 cikin ɗari na waccan iyakar. Ta kuma ƙara da wani abu da mutane basu cika sani ba, cewa jikin mutum yafi zuƙar igiyar rediyon FM da talabijin akan ta ƙarfen sabis har kusan sau biyar in ƙarfinsu ɗaya, kuma tashoshin rediyo tun kakanninmu suke watsawa ba wanda ya haɗa takardar koke.

Ni na taɓa tsayawa a gindin wani ƙarfe da na'urar awo a hannuna, mutanen wajen sun zagaye ni kowa na leƙo yaga lambar, lambar nan tana can ƙasa tana ɗan rawa kamar mai jin barci. Sai wayar wani dattijo dake kusa dani tayi ƙara ya ɗaga yana magana, na miƙa na'urar kusa da kunnensa, lambar tayi tsalle ta ninka ta farko nesa ba kusa ba. Dattijon ya cire wayar daga kunne ya kalle ta kamar yau ya fara ganinta. Dalili kuwa mai sauƙi ne, ita waya ƙarfinta kaɗan ne bai wuce wat 1 ko 2 ba in ta ƙure, amma a manne take da kai, shi kuma ƙarfen yana can sama nesa. Kuma ga abin mamakin, waya tana daidaita muryarta ne da nisan ƙarfen, in sabis ya cika raɗa take yi, in saura sanda ɗaya sai ta dage tayi ihu iya ƙarfinta, shiyasa zaki ga tayi zafi caji na zuba a wajen da ba sabis. Wato in aka kori ƙarfen zuwa nesa wayoyin gidanku ne zasu ƙara ƙarfin abinda suke harbawa a kunnuwanku.

Yanzu maganar da aka turo a gurup ɗinku, ba ƙarya ce zalla ba, gaskiya ce aka yanke mata kai da ƙafa. A watan Mayu na 2011 masana 31 daga ƙasashe 14 suka zauna a birnin Liyon na Faransa ƙarƙashin IARC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, suka saka igiyar rediyo a rukunin da suke kira 2B. Ma'anar rukunin shine mai yiwuwa ne, an ga wata 'yar alama amma bata isa hujja ba kuma ba'a iya cire kuskure ko dace daga ciki ba. Ruwan ganyen alobera da aka matse gaba ɗaya shima a wannan rukunin yake. Taba sigari kuwa tana rukuni na 1 inda ba sauran shakka. Sannan alamar da suka gani ɗin akan masu kara waya a kunne ne na tsawon lokaci, akan wasu nau'in ƙari biyu na cikin kai, da suka zo kan ƙarfen sabis da tashoshin watsa labarai cewa sukayi bayanan basu isa a yanke komai ba. Wannan ɓangaren shi ne masu turo saƙo basa taɓa haɗowa dashi.

Tun daga lokacin kuma ba'a zauna ba. A 2010 masu bincike a jami'ar Imperial ta Landan sun ɗauki yara 1,397 'yan ƙasa da shekara biyar da suka kamu da kansa suka kwatanta da yara 5,588 masu lafiya, suka duba inda uwar kowane yaro ta zauna lokacin tana da ciki da nisanta da ƙarfen sabis, basu samu wani bambanci ba. A 2024 kuma aka fitar da babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa akayi, masana a hukumar kula da radiyeshin ta Ostareliya suka jagoranta, suka tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, basu samu alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba ko ga wanda ya shekara goma yana amfani da ita, haka ma ƙarfen sabis da kansar yara. Dan kar wani ya turo miki gobe kice Malam ya ɓoye, akwai gwajin da gwamnatin Amurka tayi akan ɓeraye aka fitar a 2018 inda wasu ɓeraye maza suka samu ƙari a zuciya, amma fa awa tara kullum ake gasa musu jiki gaba ɗaya da igiyar rediyo irin ta waya har shekara biyu da ƙarfin da ya wuce abinda aka yarda ya taɓa mutum, matan basu nuna irin wannan ba, kuma wani abin dariya mazan da aka gasa ɗin sun fi waɗanda ba'a taɓa ba tsawon rai. Maganar ɓari da hana haihuwa kuwa ba wata hujja tsayayya da ta ɗora su akan ƙarfen sabis.

Inda ni zan damu in nine ke bayan katangar nan shine gindin ƙarfen. Da yawansu ana girke musu janareta mai shan dizal yana ta aiki dare da rana, kuma ita IARC ɗin dai da ake kafa hujja da ita, a watan Yuni na 2012 ta saka hayaƙin injin dizal a rukuni na 1, sahu ɗaya da taba, sabida kansar huhu. Kinga kenan in bututun hayaƙin ya kalli tagar yaranki kina da magana mai ƙarfi wadda ba injiniyan da zai murguɗa ta. Ki karanta amsar da na ba sakataren unguwa a ƙasa ki kaiwa maigida ku gyara takardar kafin ku miƙa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ba jita jita nake bi ba a jikina naji. Tunda aka kafa ƙarfen nan kusa damu wata biyar kenan kullum kaina ciwo, bana barci, zuciyata na bugawa, in nayi tafiya naje wani gari kwana biyu sai inji garau. Kar kace min tunani ne dan Allah, kowa haka yake ce min. Daga wani magidanci.

AMSA: Ɗan'uwa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Bazan ce maka ƙarya kake ba, ciwon kai ciwon kai ne kuma wanda bai yi barci ba shi yasan tsawon dare. Tambayar kawai itace menene ke jawo shi, dan in aka kama wanda ba shi yayi laifin ba mai laifin yana nan yana ci gaba da ɓarna.

An gwada irin wannan a jami'ar Essex dake Ingila aka fitar da sakamakon a 2007. Suka kawo mutane masu cewa suna jin ƙarfen sabis a jikinsu da wasu da basa jin komai, aka zaunar dasu a ɗaki mai eriya. Da aka gaya musu ankunna, masu ƙorafin nan suka fara jin ba daɗi da gaske. Sai aka sake gwajin ba tare da kowa ya sani ba, shi kansa mai gwajin bai san a kunne take ko a kashe ba, mutum 44 masu ƙorafi da 114 marasa ƙorafi. Waɗanda suka faɗi daidai a duka zagaye shida mutum biyu ne a cikin 44 ɗin, biyar a cikin 114, wato daidai da abinda canki canka zai bayar. Masu ƙorafin kuma an auna an ga jikinsu a ɗaure yake da fargaba, ko eriyar na kunne ko tana kashe. Likitoci sun daɗe da sanin cewa tsoron abu kaɗai yana iya sa zuciya bugawa da ciwon kai da rashin barci, ba hauka bane ba kuma raki bane, haka jikin ɗan adam yake, in ka kwanta kana kallon jar fitilar nan ta saman ƙarfe ta taga kana tunanin tana cinka to barci bazai zo ba.

Amma kafin mu tafi can ina so ka duba abu biyu. Na ɗaya janareta, shin akwai shi a wajen kuma kana jin gurnaninsa a ɗakinka da dare? Irin ƙarar nan mai kauri tana ratsa bango, mutum ya saba har ya daina lura amma barcinsa ya lalace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar kar ƙara ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti a cikin ɗakin kwana, kuma wannan kaɗai zai iya bayyana dalilin da yasa kake jin garau in kayi tafiya. Na biyu kuma shine yafi min muhimmanci, ciwon kai na wata biyar da bugun zuciya ba abin zama a gida ana zargin ƙarfe bane, kaje asibiti a auna hawan jini a duba ido a duba jini, wannan satin ba wani watan ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe nine sakataren ƙungiyar mazauna unguwarmu, an liƙa sanarwa za'a kafa ƙarfen sabis tsakanin gidaje da wata makarantar yara, an bamu 'yan kwanaki mu kai ƙorafi. Mutane sunce in rubuta kan lafiya. Me zan rubuta da zai sa a saurare mu?

AMSA: Sakatare sannu da ɗawainiya, aikin da ba albashi sai zagi. Abu na farko ka duba ranar da wa'adin zai ƙare ka rubuta ta a bango, dan takardar da tafi kowacce kyau in ta makara kwandon shara zata.

Ka sani a ƙasashe da dama doka ta riga ta rufe ƙofar da mutanenka suke son ka bi. A Amurka dokar sadarwa ta 1996 ta hana ƙananan hukumomi ƙin bada izini sabida tsoron radiyeshin matuƙar ƙarfen ya cika ƙa'idar tarayya. A Ingila ma tsarin bada izinin gini ya cewa kansiloli kar su ƙirƙiro tasu iyakar ta lafiya daban da ta ICNIRP, in kamfani ya kawo takardar shaidar ya cika ta shikenan an wuce wajen. Kowace ƙasa da tata dokar ka nemi taku ka karanta, amma kusan ko'ina jami'in dake karɓar ƙorafi ba likita bane, abinda ke gabansa shine taswira da ƙa'idar gini, in ka cika masa shafi uku da kansa zai ja layi ɗaya yace an cika ƙa'ida ya rufe fayil.

Sai kayi masa magana da yarensa. Ka nemi a nuna muku izinin ginin da na hukumar sadarwa da rahoton muhalli in dokarku ta tanada, a rubuce, sau da yawa anan ake kama su dan wasu sukan fara haƙa rami takardu basu kammala ba. Ka tambayi tsawon ƙarfen da tazarar gindinsa zuwa katanga mafi kusa, ka ɗauki tef kaje ka auna da kanka ka kwatanta da abinda doka tace, sannan kayi tambayar da kowa ke tsoron yi, in iska ta kayar dashi akan rufin wa zai faɗi kuma wa zai biya, akwai inshora ko babu. Ka tambayi wa ya gwada ƙasar wajen kafin a zuba tushe, da yadda za'a binne wayar kariya daga tsawa. Sai janareta, anan zaka daɗe, wane iri ne, a cikin akwati mai kashe ƙara yake ko tsirara, ina bututun hayaƙin zai kalla kuma tsawonsa nawa, tankin man fa in ya yoyo me zai tare shi kar ya gangara rijiya ko magudanar ruwa, motar kawo mai ta ina zata riƙa shiga kuma ƙarfe nawa, me zai hana a sa sola da batura. Ka kuma tambaya ko akwai wani ƙarfen a kusa da zasu iya hawa su haɗa da wani kamfanin, ko wani wajen daban da suka duba suka bari da dalilin barinsa, dan yanzu haɗa ƙarfe ɗaya tsakanin kamfanoni abu ne da aka saba.

Lafiyar ma ba cewa nayi ka cire ta gaba ɗaya ba, akwai yadda ake shigar da ita ta zauna. Wajen da ƙarfin ke wuce iyaka da gaske shine dab da fuskar eriyar a can sama, 'yan mitoci a gabanta, shiyasa ma'aikata ke rage wuta ko su kashe kafin su hau. To in akwai bene mai hawa uku ko huɗu da tagoginsa zasu yi ido da ido da eriyar a kusa, wannan tambaya ce ta gaskiya, ka nemi a nuna maka zanen inda kowace eriya zata kalla da iyakar da ba'a son mutum ya shiga. Batun makaranta kuma, kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Sir William Stewart ya fitar da rahoto a shekarar 2000, bai samu hujjar cutarwa ba amma ya bada shawarar kar tsakiyar harbin eriya ya faɗa harabar makaranta sai da yardar makarantar da iyaye, zaka iya roƙon a yi muku irin wannan dan kwanciyar hankali, juya eriya abu ne da injiniya zai iya yi tun a kan takarda. Daga ƙarshe ka nemi a yi awo kafin a kunna da bayan an kunna, wanda ba ɗan kamfanin ba ya yi, a gaban wakilanku, a ɗakunan da mutane suka fi damuwa dasu, a baku kwafin sakamakon.

Kuma dan Allah takardar kar ta wuce shafi biyu, kowace buƙata da lambarta, ku sa hannu da adireshi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wani abu kuma da na lura dashi, wasiƙu goma daga gidaje goma kowa da tasa damuwar sukan fi takarda ɗaya mai sa hannu ɗari nauyi a idon jami'i. Ka ja kunnen matasa kar wanda ya taɓa kayan aikin kamfanin ko ya tare hanya da faɗa, ranar da aka fasa abu ɗaya magana ta tashi daga ƙorafi ta koma ta 'yan sanda.

TAMBAYA: Malam wai da gaske 5G ce ta kawo korona? Ance tafi sauran haɗari nesa. Daga wata ɗaliba.

AMSA: A'a ƙanwata, korona ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi daga mutum zuwa mutum, igiyar rediyo bata ɗaukar ƙwayar cuta, kuma Iran na cikin ƙasashen da cutar ta fara yiwa mummunan kamu a farkon 2020 alhali lokacin 5G bata shiga hannun jama'a a can ba. Wannan jita jitar ce tasa aka cinna wa ƙarafan sabis da dama wuta a Birtaniya a watan Afrilun 2020, wasu ma ba na 5G bane, aka katse wa mutane waya ana tsakiyar annoba. Yawancin 5G da ake amfani da ita tana wajen megahaz 3,500 ne ko ƙasa, maƙwabciyar Wi-Fi ce da ke gidaje tun tuni. Akwai wani nau'in mai bugun da ya haura gigahaz 24, wato megahaz 24,000, sunansa ne ke da ban tsoro amma shi yafi kowanne rashin shiga jiki, a saman fata yake tsayawa, ko ganyen bishiya da bango suna tare shi, kuma ƙa'idar ICNIRP ta 2020 ta haɗa har dashi dan ta kai gigahaz 300.

TAMBAYA: Na ga ana tallan wata sitika da ake mannawa a bayan waya da wata sarƙar wuya wai suna tare radiyeshin, in saya wa iyalina? Daga wani uba.

AMSA: Alhaji riƙe kuɗinka. Sitikar in bata yin komai ka yi asara, in kuma da gaske tana tare wani abu to ta toshe wa wayar hanya ne sai wayar ta ƙara ƙarfi dan ta ji ƙarfen, hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta daɗe da yin wannan gargaɗin. Sarƙar kuwa tafi muni, a watan Disamba na 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta gwada wasu kayayyaki goma na irin wannan, sarƙoƙi da abin hannu har da na yara da abin rufe ido na barci, ciki har da waɗanda ake tallansu da sunan maganin 5G, ta samu suna fitar da radiyeshin irin mai cutarwar na gaske, ta hana sayar dasu tace duk mai shi ya cire ya ajiye nesa da jiki. In kana son rage abinda ke isa kan iyalinka ga na kyauta, in kiran zai yi tsawo a sa sifika ko abin kunne, 'yan santimita kaɗan tsakanin waya da kai suna rage shi sosai, kar a yi doguwar hira a inda sabis ke sanda ɗaya ko cikin mota tana gudu, kuma yaran su daina kwana da waya ƙarƙashin filo tana caji, wannan ma zafin batirin da hana su barci ne dalilina.